'Yar tsohon sojan Amurka da ta tashi a Kumasi: kuɗin 'yan jiha za a caje ta ko na baƙi?

Gwaggon Rabi, Aboabo:

Salamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san dokar karatun 'ya'yan sojan Amurka ya warware mana wata magana. Ƙanena ya yi aikin soja a can daga 2009 zuwa 2021, yanzu yana zaune a Columbus, jihar Ohio. Babbar 'yarsa a nan Kumasi aka haife ta kafin ya shiga soja, a hannuna ta tashi, shekararta 17 da wata huɗu, bana za ta rubuta WASSCE. Tana son jami'ar gwamnati a New York saboda dangin uwarta suna Bronx. Uban ya ce gwamnati ce za ta biya komai. Wani kuma ya ce mana sai ta yi shekara guda cur a jihar kafin a ɗauke ta 'yar gida, in ba haka ba kuɗin baƙi za a caje ta, wajen ninki uku. Wanne ne gaskiya? Akwai kuma ɗan marigayi yayanmu da ƙanen nawa yake riƙo, shi ke biya masa makaranta tun firamare. Shi ma zai shiga ciki?

Malam na Asawase:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Su biyun kowa ya kama wani ɓangare na gaskiya. Abubuwa uku ne ake cuɗawa wuri guda: farashin da jami'a za ta sa, wanda zai biya farashin, da izinin shiga ƙasar. Zan ɗauki biyun farko.

Yawancin jami'o'in gwamnati a Amurka farashi biyu gare su, na 'yan jiha da na waɗanda suka zo daga waje. A manyan kwalejojin CUNY, jami'ar gwamnati ta birnin New York, a shekarar karatu ta 2022/2023, ɗan jiha dala 6,930 yake biya a shekara, baƙo kuwa dala 620 kan kowane kiredit, wato ma'aunin nauyin darasi. Mai ɗaukar kiredit 30 a shekara ya tashi a dala 18,600 ke nan, tazarar ta kai 11,670. Kuma a ƙa'idar yau da kullum, sai mutum ya yi wata 12 a jihar kafin a ba shi farashin gida. Nan mai maganar shekara guda ya yi daidai.

Sai dai akwai dokar tarayya da ta cire wasu daga wannan jira. Sashe na 702 ne na dokar Choice ta 2014, ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 2015. Abin da ya ce shi ne, duk jami'ar gwamnatin da ta caji wanda dokar ta rufe fiye da farashin 'yan jiha, ma'aikatar tsofaffin sojoji, wato VA, za ta janye amincewarta da kwasa-kwasan makarantar, kuɗin GI Bill, wato tallafin karatu na tsofaffin sojoji, ya daina shiga. Da farko sai an shiga makaranta cikin shekara uku da barin soja, amma an soke wannan sharaɗi daga 1 ga Agusta 2021. Don haka daɗewar uban da barin aiki ba matsala ba ce, zamansa a Ohio ma ba matsala ba ne.

Abin da ke kayar da mutane shi ne wannan: zama 'yar soja kawai ba ya sa dokar ta rufe yarinya. Dole ne ta kasance tana karatu da ɗaya daga cikin tallafin VA, kuma tana zaune a jihar da makarantar take lokacin da aka fara darasi. Ga 'ya'ya, hanyoyin uku ne. Ko watannin Post-9/11 GI Bill da uba ya miƙa wa ɗansa, ko tallafin Fry na 'ya'yan wanda ya rasu a bakin aiki daga 11 ga Satumba 2001 zuwa yau, ko tallafin babi na 35 na iyalan wanda ya rasu ko ya nakasa gaba ɗaya kuma dindindin ta dalilin aikin soja. Shi babi na 35 sai 1 ga Agusta 2022 aka shigar da shi cikin wannan kariya.

To miƙa watannin nan shi ne ƙashin bayan maganar. Soja yana da tallafin karatu na wata 36. Ba ya iya ba wa iyalinsa sai yana cikin kaki, bayan ya yi shekara shida, ya kuma sa hannu zai ƙara huɗu. Wanda za a ba wa dole sunansa yana cikin rajistar iyalan sojoji da ake kira DEERS, kuma ta shafin milConnect ake yin miƙawar. Ranar da ya tuɓe kaki ƙofar ta rufe: zai iya ƙara wa wannan ya rage wa wancan a tsakanin waɗanda ya riga ya ba ko da wata ɗaya ne, amma ba zai iya shigar da sabon suna ba. Shi ya sa masu sanin abin suke sa wa kowane ɗa wata guda-guda tun suna aiki, rabon gaskiya ya biyo baya.

Kada ki tsaya a kan “na yi” na fatar baki. Ki ce ya shiga milConnect ya ɗauko hoton shafin miƙawar, inda sunan yarinyar, adadin watanni da kalmar amincewa suka fito, ya haɗo da takardar sallamarsa, DD 214. A jikinta ki duba abu biyu: tsawon aikin, da irin sallamar. Sai sallama ta mutunci ce ake cin wannan tallafi. Wanda ya yi wata 36 ko fiye bayan 10 ga Satumba 2001 yana kan kashi 100, ke nan VA za ta biya dukan kuɗin karatu na farashin 'yan jiha kai tsaye ga makaranta. Shekara 12 ta wuce wannan nesa ba kusa ba, ta kuma cika sharaɗin shekara goma da ake so uba ya yi kafin ɗa ya fara amfani da watannin. Yarinyar za ta fara da zarar ta gama sakandare ko ta cika 18, kuma damar tana ƙarewa ranar da ta cika 26.

Maganar ɗan riƙo kuwa, ba zan ɓoye miki ba, da wuya. Riƙonmu na gida, na amana da zumunci, ba shi da gurbi a takardunsu. Daga Janairun 2021 sun yarda a miƙa wa yaron da kotu ta damƙa wa soja riƙonsa na aƙalla wata 12, amma shi ma sai yana cikin DEERS kuma an miƙa masa kafin barin aiki. Rasit ɗin kuɗin makaranta, ko na shekara goma ne, ba ya maye gurbin umarnin kotu.

Gwaggon Rabi, Aboabo:

Allah Ya saka da alheri, Malam. Ya turo hoton. Sunanta yana ciki da wata 18, ƙanenta da aka haifa a can shi ma 18. Yaron riƙon ba ya ciki. Amma ita fasfon Ghana kawai gare ta, uban bai zama ɗan ƙasa ba sai bayan haihuwarta. A shafin an rubuta Rabiatu, a takardar haihuwa Rabi, a makaranta kuma Rabiyatu.

Hajiya Mai Takardu, Nima:

Yaya, wannan da kika faɗa a ƙarshe shi ne aikin da ke gabanku, ya fi na jami'ar gaggawa.

Da uban ɗan ƙasa ne ranar da aka haife ta, da sai a nemi takardar shaidar haihuwar ɗan Amurka a waje a ofishin jakadancinsu da ke Cantonments. Tunda daga baya ya samu, wannan hanya ba tata ba ce. Hanyarta ita ce uban ya cike fom I-130 a matsayin ɗan ƙasa mai neman 'yarsa da ba ta yi aure ba kuma ba ta kai 21 ba. Wannan rukuni ba shi da layin jiran gurbi, kuma shekarunta suna tsayawa ne a ranar da aka shigar da fom ɗin, ko da aikin ya ja. Daga nan sai takardar ɗaukar nauyi I-864, gwajin likita a asibitin da ofishin ya ware, da ganawa a Accra. In ta sauka da wannan biza ta zama mai katin zama na dindindin. In har ta shiga kafin ta cika 18, tana zaune a hannun uban kuma riƙonta na doka yana gare shi, dokar shekarar 2000 kan zama ɗan ƙasa ga yara tana mai da ita 'yar ƙasa kai tsaye. Wata takwas suka rage, aikin kuma ba na wata biyu ko uku ba ne, don haka kada a gina shiri a kan hakan. A dai shigar da fom ɗin a wannan watan. In ta wuce 18 ba asara ba ce, katin zaman ya ishe ta karatu, bayan shekara biyar ta nemi zama 'yar ƙasa da kanta.

Ina roƙon ku kada ku bi ta bizar ɗalibi don ganin kamar ta fi sauri. Mai bizar ɗalibi yana tabbatar wa jami'in biza ne cewa gidansa Ghana kuma zai dawo. Dokar da Malam ya kawo ba ta ambaci zama ɗan ƙasa ba, gaskiya ne, amma ta ba jami'a damar neman hujjar cewa ɗalibi yana da niyyar zama ɗan jihar, kamar lasin tuƙi ko katin shaida na jihar, takardar haya, ko wasiƙar niyya da aka sa wa hannu. Yarinya ba za ta ce wa ofishin jakadanci “zan dawo” sannan ta ce wa jami'a “na zo zama” ba tare da maganganun sun ci karo ba. Ga shi kuma mai bizar ɗalibi ba ya cike FAFSA, fom ɗin tallafin karatu na tarayya, mai katin zama kuwa yana cikewa.

Abu na biyu, kuma na san yadda zangonmu yake: kada a ɗaura mata aure kafin ta shiga Amurka da bizar. Aure ba ya taɓa watannin GI Bill da aka miƙa wa ɗa, amma yana fitar da ita daga rukunin da ba shi da layi ya jefa ta rukunin 'ya'ya masu aure, inda jira ya haura shekara goma. Kafin layin ya zo ta wuce 26, watannin sun tashi a banza.

Sunan nan uku kuma a gyara shi yanzu. Ku ɗauki abin da ke kan takardar haihuwa ta ofishin rajistar haihuwa da mutuwa a matsayin tushe, fasfo da Ghana Card su bi shi harafi da harafi. Inda aka riga aka sami bambanci, kamar rajistar WAEC, a yi takardar rantsuwa, in ya kama a buga a gazet. Uban kuma ya sa a daidaita na DEERS da fasfon. A duba ranar haihuwa ma, domin nan ne aka fi samun saɓani tsakanin takardar makaranta da ta haihuwa. Takardar haihuwar da aka yi rajistarta shekaru bayan haihuwa tana jawo ƙarin tambaya, sai ku tanadi katin awo na asibiti, tsofaffin takardun makaranta, hotunan suna, da rasit ɗin kuɗin da uban yake aikowa. In hujja ba ta gamsar da su ba sukan ba da shawarar gwajin DNA, kuma su ke tsara inda za a ɗauki samfurin, wanda kuka yi da kanku ba ya karɓuwa.

Ga masu karantawa da ke da mata fiye da ɗaya: Amurka aure ɗaya ta sani. Mata ta biyu ba ta shiga DEERS a matsayin mata, 'ya'yanta kuwa suna shiga, sai dai hujjar da ake nema a kansu ta fi yawa.

Ɗan Sabon Zango:

Shawarata, tunda wata 18 ne kawai, kada ta taɓa su da farko. Ta fara da kwalejin al'umma ta shekara biyu, mai araha, ta ajiye watannin sai ta koma babbar jami'a inda kuɗi ya fi yawa.

Malam na Asawase:

Ɗan'uwa, dabarar tana da kyau ga wanda ya riga ya zama ɗan jiha, amma ga wannan yarinya a New York tana iya juyewa. Kariyar sashe na 702 tana tafiya ne tare da amfani da tallafin. In ta ajiye watannin a shekarar farko, ta zama baƙuwa kamar kowa. A kwalejojin al'umma na CUNY a waccan shekarar da na ambata, ɗan gari dala 4,800 ne a shekara, baƙo dala 320 kan kiredit, wato 9,600 a kiredit 30.

Bari mu yi lissafin watannin. VA kwanakin da ake cikin darasi take ƙirgawa, ba ta ƙirga hutu. Shekarar karatu wajen wata tara ce, shi ya sa wata 36 yake ɗaukar digiri na shekara huɗu. Wata 18 samista huɗu ne, shekara biyu. Tambayar da ya kamata a yi tun yau ita ce, a shekara ta uku wane farashi za a sa mata? Dokar ta ce wanda ta rufe yana riƙe matsayinsa muddin bai yanke karatu a makarantar ba, ban da hutun da aka saba. Sauya makaranta ko zaman samista guda a gida yana sa a sake duba ta daga farko. Kafin a biya ko kwabo na ajiyar gurbi, a rubuta wa ofishin da ke tantance zaman jiha a jami'ar, a tambaye su ko farashin gida zai ci gaba bayan watannin sun ƙare, amsar kuma ta zo a rubuce. Jihohi da yawa suna ɗaukar ɗalibin da iyaye ke ciyarwa a matsayin ɗan jihar iyayensa, kuma ba sa ƙirga zaman da aka yi don karatu kawai.

A nan ne nake ganin Ohio ta fi New York kwanciyar hankali. Ohio tana da nata tsarin tun 2008, Ohio GI Promise: tsohon sojan da ya yi shekara guda ko fiye aka sallame shi da mutunci, shi da matarsa da 'ya'yan da ke ƙarƙashinsa suna samun farashin gida in sun kafa zama a jihar zuwa ranar farko ta samista. Wannan bai rataya a kan watannin GI Bill ba. Can ne dabarar Ɗan Sabon Zango za ta yi aiki sosai: shekara biyu a kwalejin al'umma a farashin gida, tana gidan ubanta, ga tallafin Pell na gwamnatin tarayya in kuɗin shigar gidan ya ba da dama, wanda mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekara, sannan wata 18 ɗin su ɗauki shekara biyun ƙarshe. Uban ya sa ta a takardar harajinsa ta farko bayan isowarta, domin makaranta za ta nema.

Abin da New York ta fi shi ne kuɗin masauki. Ana lissafa shi ne da alawus ɗin gida na soja mai muƙamin E-5 mai iyali, a yankin da harabar makarantar take, kuma na birnin New York ya fi na Columbus da nisa. In a ɗakin dangin uwarta za ta zauna a Bronx ba haya, rarar tana da yawa. Amma a san halinsa: a ƙarshen wata ake biya, ba a farko ba, ba a biya a lokacin hutu, sai tana ɗaukar fiye da rabin cikakken nauyin darussa, kuma in duk darussan ta intanet ne rabin matsakaicin na ƙasa kawai za a ba ta. Kowane wata sai ta tabbatar wa VA tana nan a makaranta, yawanci ta saƙon waya, in ta yi shiru wata biyu a jere a tsayar da kuɗin. Ta iso da guzurin wata biyu a hannu. Na littattafai daban ne, har dala 1,000 a shekara.

Tsarin aikin bayan ta sauka: ta cike fom 22-1990E da sunanta, ba da na uban ba. VA za ta aiko da takardar cancanta mai nuna watanni da kaso. Ta kai kwafi biyu, ɗaya ga jami'in da ke tabbatar wa VA da rajistar ɗalibai, ɗaya ga ofishin zaman jiha. Nan ne kuskuren da ya fi yawa yake faruwa. Takardar neman shiga tana ɗauke da adireshin Kumasi da sakamakon WASSCE, sai kwamfutar makaranta ta sa ta a sahun ɗaliban ƙasashen waje tun ranar farko. In ba a je an canza ba, bil zai fito da farashin baƙi, VA ta biya na 'yan jiha kawai, ragowar ya hau kan yarinya. Kowace makaranta tana da ranar rufe gyaran wannan matsayi, yawanci a farkon samista. In kuɗin VA ne ya yi jinkiri, tun Agustan 2019 doka ta hana makaranta cin tarar ɗalibi ko hana shi aji har kwana 90, muddin ya miƙa takardar cancanta. In kuma ta ajiye wani darasi bayan an biya, bashi ne zai biyo baya.

Hajiya Mai Takardu, Nima:

Ƙari kaɗan, Yaya. Ki tambayi ƙanenki ko VA ta yanke masa nakasa kashi 100 ta dindindin. In haka ne, yarinyar tana da babi na 35, wata 36, da fom 22-5490, ba tare da wata miƙawa ba. Shi ba ya biyan makaranta, kuɗi ne ake ba ɗalibi a hannu duk wata, dala 1,536 ga mai cikakken karatu daga Oktoban 2024 zuwa Satumban 2025, amma yana riƙe mata farashin 'yan jiha. Ba a cin tallafi biyu a lokaci guda, sai dai ɗaya bayan ɗaya.

In kuma takardun tafiya suka ja, kada ta zauna a gida. Ana iya amfani da watannin a jami'ar wata ƙasa in VA ta amince da kwas ɗin, ana duba sunan makaranta a shafin GI Bill Comparison Tool, kuma makarantar ce ke neman amincewar, ba ɗalibi ba. Ni dai ba zan ƙone watannin dala a kan kuɗin makarantar da ake biya da sidi ba. Ta nemi gurbi a KNUST ko Legon da sakamakonta, a biya daga aljihu, ta adana takardar sakamakon kowace samista da bayanin abin da kowane kwas ya ƙunsa. Jami'ar can za ta nemi a tantance su ta kamfani irin WES kafin ta yanke kiredit nawa za ta karɓa, sakamakon WASSCE kuma za su so su tabbatar da shi daga WAEC kai tsaye, don haka ku sayi katin duba sakamako ɗaya ku ajiye ba a kankare ba.